Ficewar Nijar daga ECOWAS: abin da doka ta faɗa da inda ta yi shiru

Ranar Lahadi 28 ga Janairun 2024 aka karanta sanarwa guda a gidajen talabijin na Yamai da Bamako da Wagadugu, cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar raya tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, wadda 'yan Nijar suka fi sani da CEDEAO, kuma ficewar ta fara aiki nan take. Hedikwatar ƙungiyar da ke Abuja ta ce ba haka doka ta tanada ba, sai an cika shekara guda. Kowa ya tsaya a kan bakansa har watanni goma sha biyu suka shuɗe. Ranar 29 ga Janairun 2025 ECOWAS da kanta ta tabbatar da rabuwar, ƙasashenta suka koma 12 daga 15, kuma ta rasa fiye da rabin faɗin ƙasar da take taƙama da shi.

Tun daga lokacin, mafi yawan gardamar da ake yi a majalisun hira da shafukan sada zumunta ba ta wuce wane ne gwarzo wane ne ɗan koren Faransa ba. Gardamar tana da gurbinta, amma ta danne tambayoyin doka, alhali su ne za su yanke wa direban da ke ɗaukar albasar Galmi zuwa Kumasi, ko ɗan Maraɗin da ke da shago a Kantin Kwari, irin rayuwar da zai yi nan gaba. Shin ƙasa tana da damar fita? Wane ne ke da ikon fitar da ita? Idan ta fita, ina makomar haƙƙoƙin da mutanenta suka shekara arba'in da wani abu suna cin moriyarsu?

Ta farkon ba ta da wuya. An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, bayan Janar Yakubu Gowon da Gnassingbe Eyadema na Togo sun zagaya yankin suna neman goyon baya, aka kuma sabunta yarjejeniyarta a Kwatano cikin watan Yulin 1993. Sashe na 91 na sabuwar yarjejeniyar ya ce duk ƙasar da ke son ficewa ta rubuto takarda, ta ba da wa'adin shekara guda. Idan shekarar ta cika ba ta janye takardar ba, ta fita ke nan. Amma a cikin wannan shekara tana nan a matsayin mamba, kuma dukkan nauyin yarjejeniyar yana kanta. Abin ya yi kama da idda: an furta saki, amma igiya ba ta gama tsinkewa ba, akwai haƙƙoƙin da ba su faɗi ba, akwai kuma damar kome. Ba a kan Nijar aka fara amfani da sashen ba. Muritaniya ta sanar da niyyarta a Disamban 1999, ta jira shekararta, ta fita a Disamban 2000 ba tare da wani tashin hankali ba. A 2017 ta dawo ta sa hannu a yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar, ba a matsayin mamba ba.

To me ya sa ƙasashen uku suka dage kan cewa ba za su jira ba? Mali ce ta fi fayyace hujjarta. A watan Fabrairun 2024 ma'aikatar harkokin wajenta ta ce wa'adin sashe na 91 bai hau kanta ba, domin ECOWAS ce ta fara karya alkawari lokacin da ta rufe mata iyakoki a Janairun 2022, ta hana ƙasar da ba ta da gaɓar teku kaiwa ga tashoshin jiragen ruwa. Wannan magana ba shaci-faɗi ba ce. A dokar ƙasa da ƙasa akwai ƙa'idar da ke cewa idan ɓangare ɗaya ya yi wa yarjejeniya mummunar saɓawa, wanda aka cuta yana iya dakatar da aiki da ita. Tana rubuce a sashe na 60 na yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Biyana na Austriya a 1969, wadda ta tsara yadda ake ƙulla yarjejeniyoyi da warware su. Haka nan dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba ƙasashen da ba su da teku haƙƙin wucewa da kayansu ta cikin maƙwabta.

Sai dai ita wannan yarjejeniya ta Biyana ba ta ba wanda ke ƙorafi damar zama alƙalin kansa ba. Ta ce ya sanar da sauran ɓangarorin, ya ba su aƙalla wata uku su amsa, idan sun musanta a nemi hanyar sulhu ko shari'a. Ƙasashen uku ba su bi wannan hanya ba. Don haka a ganina, kan batun wa'adi kaɗai, ECOWAS ce ke da gaskiya. Amma kan batun takunkumin da ya haifar da rikicin, gaskiyarta ba ta da ƙarfi yadda take nunawa, kuma a nan ya kamata a ɗan dakata.

Kwana huɗu bayan sojoji sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin jagorancin Bola Tinubu. Suka rufe iyakokin ƙasa da na sama, suka dakatar da cinikayya da hada-hadar kuɗi, suka riƙe kadarorin Nijar da ke bankunan yankin, suka ba sojojin mako guda su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana. Idan mutum ya buɗe sashe na 77 na yarjejeniyar Kwatano, hukuncin da zai gani su ne dakatar da bashi da tallafi, hana ƙasa tsayar da 'yan takarar muƙamai, da hana ta jefa ƙuri'a ko shiga harkokin ƙungiyar. Yarjejeniyar dimokuraɗiyya da kyakkyawan mulki ta 2001, wadda ita ce ta haramta juyin mulki ƙarara, ita ma irin waɗannan hukunce-hukuncen ta lissafa. Lauyoyin ECOWAS kan kafa hujja da tsarin riga-kafin rikici na 1999 da wata ƙarin doka ta 2012 da ta faɗaɗa nau'o'in takunkumi. Masu suka kuma kan ce ko da an yarda da hakan, babu rubutun da ya halatta a tare abinci da magani a kan iyaka, ko a bar asibitocin Yamai cikin duhu, kuma sashe na 53 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ƙungiyar yanki ba ta kai farmakin soja sai da izinin Kwamitin Sulhu. Tun a watan Maris na 2022 kotun UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa, ta ba da umarnin a dakatar da irin wannan takunkumi da aka ƙaƙaba wa Mali, amma shugabanni ba su ɗage shi ba sai a watan Yuli.

Mu da ke wannan yanki mun ga abin da takunkumin ya yi. Motoci sun yi layi a Illela da Jibiya da Kongolam da Maigatari da Kamba, kayan gwari suna ruɓewa a ciki. Jihohi bakwai na Najeriya ne ke iyaka da Nijar, wato Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno, kuma babu ɗaya a cikinsu da ba ta ji a jikinta ba. Shi ya sa adawa mafi ƙarfi da batun yaƙi ta fito daga cikin Najeriya kanta. Sanatocin arewa sun ƙi, majalisar dattawa ta shawarci shugaban ƙasa ya bi hanyar sulhu, Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka yi ta kai-komo, Muhammadu Sanusi na Biyu ya je ya gana da jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta bi baya. Yaƙin dai ba a yi ba, alhamdu lillahi, amma barazanarsa ce ta haɗa kan gwamnatocin sojan uku, suka sa hannu a yarjejeniyar Liptako-Gourma ranar 16 ga Satumban 2023, suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES. Lokacin da ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, bayan roƙon da Gowon ya yi a bainar jama'a, an riga an miƙa takardun ficewa kusan wata guda. Shiga tsakanin da aka ɗora wa Bassirou Diomaye Faye na Senegal da Faure Gnassingbe na Togo bai canja komai ba, haka ma ƙarin wata shida da aka bayar har zuwa 29 ga Yulin 2025 ko za su sake shawara.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ce aka fi gudu. Wane ne ya fitar da Nijar? Majalisar soja ta CNSP ce, wadda ta dakatar da kundin tsarin mulkin 2010, ta rushe majalisar dokoki. Ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba, ba a tafka muhawara a zauren wakilan jama'a ba, ba kotun cikin gida da aka tambaya. Haka abin yake a Mali da Burkina Faso.

A nan ECOWAS ta faɗa cikin tufka da warwara. Gwamnatin sojan Nijar ta roƙi kotun ECOWAS ta dakatar da takunkumin. A farkon Disamban 2023 kotun ta ƙi, bisa hujjar cewa gwamnatin da ta zo ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki ba ta da matsayin da za ta tsaya a gabanta da sunan ƙasar Nijar. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 15 ga Disamba, kotun ta yanke hukuncin cewa tsare Bazoum haramun ne, a sake shi a mayar da shi kan kujerarsa. Ke nan a idon kotun ƙungiyar, Bazoum ne shugaba. Amma ba a yi wata biyu ba hukumar gudanarwar wannan ƙungiya ta karɓi takardar ficewa daga hannun waɗannan sojoji, ta fara ƙirga kwanaki. Idan ba su isa su shigar da ƙara da sunan Nijar ba, ta yaya suka isa su cire Nijar daga ƙungiyar da ta sa hannu aka kafa tun 1975?

Dokar ƙasa da ƙasa tana da amsa, ko da ba mai daɗin ji ba ce. Ta daɗe tana kallon wanda ke riƙe da ƙasa a zahiri, ba yadda ya hau ba. Misalin da ake koyar wa ɗaliban shari'a shi ne hukuncin 1923 tsakanin Birtaniya da Kosta Rika, inda aka yanke cewa abin da gwamnatin Tinoco ta aikata, duk da ta zo ta juyin mulki kuma Birtaniya ba ta amince da ita ba, aikin gwamnati ne da ke iya hawa kan ƙasar. Takardar da shugaban ƙasa ko ministan harkokin waje ya sa wa hannu, duniya kan ɗauke ta a matsayin maganar ƙasa. Ban da haka, da ECOWAS ta ƙi karɓar takardar, me za ta yi? Ba za ta iya tilasta wa kowa halartar taro ko biyan kuɗin ƙungiya ba. Ta zaɓi abin da zai yiwu, amma ba ta taɓa yi wa jama'a bayanin yadda matsayinta biyu suka haɗu ba.

A wasu wurare kuwa wannan tambaya ce ta zama zuciyar rikicin. Birtaniya ta yi ƙuri'ar raba gardama ranar 23 ga Yunin 2016, kusan kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai. Duk da haka, da gwamnatin Theresa May ta so ta aika takardar ficewa da ikonta ita kaɗai, Gina Miller ta kai ta kotu. A Janairun 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya, da rinjayen alƙalai takwas a kan uku, ta ce a'a: shiga tarayyar ya ba 'yan ƙasa haƙƙoƙi ta hanyar dokar majalisa, don haka minista ba zai soke su da alƙalaminsa ba, sai majalisa ta yi doka. Ba sai mun je Turai ba ma. A 2016 gwamnatin Jacob Zuma ta aika takardar ficewar Afirka ta Kudu daga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya. A Fabrairun 2017 babbar kotun ƙasar ta ce takardar ba ta da inganci tunda ba a nemi amincewar majalisa ba, gwamnati kuma ta janye ta. Ƙa'idar ɗaya ce a wurare biyun: yarjejeniyar da ta zama haƙƙin mutane ba ta gwamnati kaɗai ba ce.

Wani zai ce ai jama'a suna bayan sojojin, kuma ban musa ba. Wanda ya ga yadda filin wasa na Seyni Kountche ya cika a Agustan 2023, ko ya saurari yadda 'yan Nijar ke magana kan yanke wuta da barazanar yaƙi, ya san fushin na gaske ne. Ina kyautata zaton da an kaɗa ƙuri'a a 2024, masu son fita ne za su yi rinjaye. To wannan shi ya sa rashin yin ƙuri'ar ya fi ba ni takaici. Gangami yana nuna yawan waɗanda suka fito, ba ya ƙirga waɗanda suka zauna a gida, balle a lokacin da jam'iyyu ke dakace kuma ɗan jarida ke auna kowace kalma kafin ya furta. Sannan shawarar da aka yanke da sanarwa, da sanarwa ake warware ta. Yahya Jammeh ya fitar da Gambiya daga ƙungiyar Commonwealth a 2013, ya kuma aika takardar fita daga kotun duniya a 2016. Adama Barrow na hawa ya janye ta biyun, a 2018 ya mayar da ƙasar cikin ta farkon. Mai son ficewar Nijar ta ɗore shi ya fi kowa buƙatar a ce jama'a ne suka yanke ta da hannunsu.

ECOWAS ba ta da bakin yin wannan wa'azi sosai, kuma wannan yana cikin abin da ya karya ta. Yarjejeniyar 2001 ta hana juyin mulki, ta kuma hana a taɓa dokar zaɓe ana saura wata shida ba tare da yardar mafi yawan 'yan siyasa ba, amma ba ta ƙayyade wa'adin shugaba ba. Da aka kawo shawarar wa'adi biyu a taron Akra na 2015, Togo da Gambiya suka ƙi, maganar ta mutu. An dakatar da Nijar a 2009 saboda tazarcen Mamadou Tandja, amma a 2020 Alpha Conde na Gini da Alassane Ouattara na Kodibuwa suka yi wa'adi na uku, ƙungiyar ba ta hukunta kowa ba. Matashin Yamai ko Damagaram da ya ga haka ba ya buƙatar wani ya zuga shi kafin ya ɗauki ECOWAS a matsayin ƙungiyar shugabanni masu kare junansu.

Sai tambaya ta uku, wadda ita ce ta fi shafar mu. Sashe na 91 gajere ne ƙwarai. Ya faɗi yadda ake fita, bai ce uffan kan abin da zai biyo baya ba. Sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar Turai ya wajabta a zauna a tattauna sharuɗɗan rabuwa, ya ba da shekara biyu da za a iya tsawaitawa. Shi ya sa Birtaniya ta aika takardarta ranar 29 ga Maris na 2017 amma ba ta fita ba sai 31 ga Janairun 2020, kuma ta fita da rubutacciyar yarjejeniya mai ɗaruruwan shafuka kan kuɗin da ake bin ta, da matsayin 'yan Turai mazauna cikinta, da iyakar tsibirin Ailan. An sha wahala, firaministoci biyu sun sauka a kan batun, amma mai aikin jinya 'yar Folan da ke Landan ta wayi gari ta san matsayinta a doka. A Afirka ta Yamma an fita tukuna, sannan aka fara tunanin tattaunawa. Zaman farko tsakanin shugaban hukumar ECOWAS Omar Alieu Touray da ministocin wajen AES sai a watan Mayun 2025 aka yi shi a Bamako.

Abin da ya cike giɓin shi ne sanarwa daga kowane ɓangare. A Disamban 2024 AES ta ce 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, tare da riƙe damar hana wanda ba ta so. Ranar 29 ga Janairun 2025 ECOWAS ta buƙaci mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga hannun 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga su zauna ba biza, su kuma ci gaba da yi wa kayansu sassaucin haraji, har sai an sanar da wani abu daban. Matakin hankali ne, kuma ya hana ruɗani. Amma a lura da abin da ya canja. Yarjejeniyar Dakar ta 1979 ta ba ɗan Nijar haƙƙin shiga Najeriya ko Ghana ya yi kwana 90 ba biza, daga baya aka ƙara masa haƙƙin zama da kafa sana'a. Akwai katin inshorar mota na yankin da direbobi ke ƙetare iyaka da shi, akwai takardar shaidar ƙaurar dabbobi ta 1998 da makiyaya ke dogara da ita idan rani ya kore su kudu. Jiya waɗannan haƙƙi ne, yau alfarma ce, kuma alfarma tana iya ƙarewa ranar da wani shugaba ya tashi da fushi.

Na san haƙƙin ma bai taɓa cika ba. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan guda, akasarinsu 'yan Ghana, har da 'yan Nijar a ciki. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba tare da ECOWAS ta iya yi mata komai ba. Shingayen kwastan da 'yan sanda da jandarmomi ba su taɓa daina karɓar na goro don akwai wata yarjejeniya ba. Duk da haka, wanda ake tauye wa haƙƙi yana da abin nunawa da wurin kai kuka, wanda aka janye wa alfarma kuwa ba shi da ko ɗaya.

Babbar asarar da ba a cika ambata ba ita ce kotu. Tun 2005 kowane mutum yana iya kai gwamnatinsa ƙara a kotun ECOWAS kan tauye haƙƙi, ba sai ya gama zagaye kotunan ƙasarsa ba. 'Yan Nijar suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12, ta kai ƙasarta ƙara kan ta kasa kare ta daga bauta, a Oktoban 2008 kotun ta ba ta gaskiya ta ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10, hukuncin da ya girgiza yankin baki ɗaya. A 2010 wannan kotu ce ta ce tsare Tandja da sojojin Salou Djibo suka yi ya saɓa doka, shi da ECOWAS ta hukunta a shekarar da ta gabata. Kotun ba ta da 'yan sandan da za su aiwatar da hukuncinta, gwamnatoci da yawa suna yin biris da ita, hukuncin Bazoum ma ba a bi shi ba. Amma ga talakan da ƙarfin hukuma ya danne, ƙofa ce guda da ba ta hannun gwamnatinsa. Ficewa ta rufe masa ita, sannan a Satumban 2025 ƙasashen uku suka sanar da fita daga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ita ma.

Akwai kuma wani abu da ya sa nake ganin Hausawa ne suka fi kowa shiga tsaka mai wuya. Ƙasashen uku sun bar ECOWAS amma ba su bar UEMOA ba, ƙungiyar ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa, wadda babban bankinta ke Dakar. UEMOA tana da nata dokokin zirga-zirgar mutane da kaya. Ke nan ɗan Mali da ke Abijan ko Dakar, da ɗan Burkina da ke aikin gonar koko a Kodibuwa, suna da wata rubutacciyar doka da ke tsaye a bayansu. Najeriya da Ghana ba sa cikin UEMOA. Hanyar da ta rasa rumfar dokar yanki gaba ɗaya ita ce wadda ta tashi daga Maraɗi zuwa Katsina da Kano, daga Ƙonni zuwa Sakkwato, daga Damagaram zuwa Daura, daga Diffa zuwa Borno, da wadda ta kai fatake zangunan Kumasi da Akra. Wato iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500, wadda mutanen ɓangarorinta biyu harshensu ɗaya, aurensu ɗaya, sarautunsu ma tushensu ɗaya, kamar yadda sarautar Katsina ta Maraɗi da ta Gobir ta Tsibiri ke shaidawa. Alamun sabon zamanin sun fara bayyana. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina ban da Mali da Burkina Faso, a Maris na 2025 kuma AES ta sanya harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan kayan da ke shigowa daga waje, kwatankwacin wanda ECOWAS ke karɓa don gudanar da kanta.

Ban ga alamar Nijar za ta koma ECOWAS nan kusa ba, kuma jiran hakan ɓata lokaci ne. Maroko ta fita daga Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1984, ba ta dawo ba sai 2017. Tattaunawar ECOWAS da AES kuwa tana da jerin matsaloli masu cin lokaci: basussukan bankin raya ƙasa na ƙungiyar da ke Lome, makomar ma'aikata 'yan ƙasashen uku, da sauya wa hukumomi mazauni, irin su hukumar lafiya ta yankin da aka kafa a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso. Abuja da Yamai ba sa buƙatar jiran a gama wannan. Suna da hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tun 1971, wadda ta girmi ECOWAS, hedikwatarta kuma tana Yamai. Bayan zargin da Janar Tiani ya yi wa Najeriya da harshen Hausa a Disamban 2024 cewa tana haɗa baki da Faransa, zargin da Najeriya ta musanta, ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai a Afrilun 2025 ya gana da takwaransa na Nijar, Bakary Yaou Sangare, suka yi maganar farfaɗo da wannan hukuma.

Abin da ya kamata ya fito daga can shi ne yarjejeniya rubutacciya tsakanin ƙasashen biyu, wadda za ta tabbatar da shiga ba biza da zama da sana'a, ta faɗi takardun da jami'in kan iyaka zai nema da waɗanda ba shi da ikon nema, ta tsara wucewar makiyaya da hatsi da dabbobi, ta kuma haramta a sake amfani da wutar lantarki ko abinci ko magani a matsayin makamin siyasa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa shi ma yana buƙatar irin wannan doka kafin jirgi ya fara ɗaukar kaya. Gwamnoni da sanatoci da sarakunan jihohi bakwai na kan iyaka, da takwarorinsu na Dosso da Tawa da Maraɗi da Damagaram da Diffa, su ne suka tsaya aka fasa yaƙi a 2023, kuma su ne ya kamata su matsa wa gwamnatocin biyu lamba har a sa hannu.